Ɗaya Ɓarin Hoton Kakanmu

Layinmu ya shekara sittin ba shi da suna, kuma ban taɓa jin baƙon da ya ɓata ba. Mai neman gidanmu sai a ce masa ya wuce kemis, ya bi ta gefen famfo, ya tsaya a ƙofar da ya ji ana musu. To, sai ga takarda daga ofishin tsara gari, wai kowane layi ya zaɓi sunan wani mutumin kirki nasa da ya rasu, kafin ƙarshen wata, za a rubuta a allo a kafa. Ranar da takardar nan ta iso, ranar yayana ya kamu.

Yayana labule yake sayarwa. Ana ce masa Tabbas, domin tun da aka yaye shi ba wanda ya taɓa jin "wataƙila" ta fito daga bakinsa. Shi ne mutumin da ya taɓa gyara wa likita inda hanta take. Ni ƙaninsa ne, gyaran agogo nake yi a ɗan shagon da ke manne da nasa, don haka duk abin da zan faɗa muku a kunnena aka yi shi, wani ma a kan ƙafata.

Kwamitin layi ya zauna, tsohon hedimasta ne shugaba. Mai kemis ya miƙe ya ce a sa Layin Mai Famfo, don tunawa da mahaifinsa wanda ya jawo mana ruwa. Kowa ya gyaɗa kai. Magana ta kusa ƙarewa lafiya, sai Yaya ya gyara murya.

"Famfo," ya ce, kamar an sa masa tsami a baki. "Layin da jikokin Janar ke zaune a ciki za a sa wa sunan bututu?"

"Wane Janar?" in ji mai kemis.

"Kakanmu."

"Kakanku mai sayar da gawayi?"

"Ritaya ce. Babban mutum in ya yi ritaya ba ya son hayaniya."

Hedimasta ya ce to, a kawo hujja ranar Asabar ta sama, a jefa ƙuri'a. Ni ina kujerar baya ina neman inda zan sa fuskata. Na san kakanmu ya yi soja, iyakar abin da mahaifinmu ya taɓa faɗa mana ke nan. Janar ɗin kuwa a wurin na fara jinsa, kuma na tabbata shi ma Yaya a wurin ya fara ji.

Hoto ɗaya tak kakanmu ya bari a duniya, shi ma ba duka ba. Yana rataye a ɗakin Goggo Babba, yayar mahaifinmu, wadda muke gida ɗaya da ita. Da tsohon ya rasu shekara arba'in da suka wuce, ita da ƙanwarta, Goggo Ƙarama, suka kama hoton kowa na ja. Goggo Babba ta ɗauko almakashi ta raba shi daga sama har ƙasa, ta riƙe ɓarin da uban yake, ta miƙa wa ƙanwar ɗaya ɓarin ta ce ga rabonki. Tun daga ranar ba su ƙara gaisawa ba. A gidanmu kana iya zancen komai, amma ban da ɗaya ɓarin.

Yaya ya shiga ya hau kujera ya sauko da hoton.

"Ina za ka kai min uba?" in ji Goggo.

"Zan ɗaga shi, Goggo. Zan sa duniya ta san ko shi wane ne."

"Ai ni na san ko shi wane ne. Zauna in gaya maka. Aikinsa a bariki—"

"Goggo, da girmanki, harkar soja ba harkar mata ba ce. Ku abin da kuka sani shi ne ya dawo gida ya ci abinci."

Goggo ta dube shi ta saman tabarau, tsawon lokacin da mutum zai ɗaura takalmi. Sai ta koma kan ɗinkinta.

"Haka ne," ta ce. "Kar dai ka jiƙa min shi."

Ya kawo hoton kan teburina, ya ture agogon mutane gefe, ya fizge gilashin da nake maƙalawa a ido. Ga kakanmu siriri kamar sanda, ya ƙame, hula a karkace, farar safa a hannu biyu, da wata sanda mai ƙyalli a hammata. A hannun dama yana riƙe da sarƙa. Sarƙar ta gangara ƙasa ta nufi inda almakashi ya bi. Can daidai gwiwarsa, a bakin yankan, ana ganin gefen wani mayafi mai ado, da igiya biyu irin ta kofur, da rabin lambar yabo.

"Ka ga hannun rigarsa?" in ji Yaya. "Igiya nawa?"

"Babu ko ɗaya."

"Me hakan ke nufi?"

"Farabiti ne, sojan da ba shi da muƙami."

"Kai dai agogo ya cinye maka ƙwaƙwalwa. Ka taɓa ganin Janar da igiya? Ya wuce wurin. Dubi safa. Mai farar safa ba ya taɓa komai da hannunsa, umarni kawai yake bayarwa. Yanzu bi sarƙar nan da ido. Sama ta yi ko ƙasa?"

"Ƙasa."

"To wa ke ƙasa sanye da lambar yabo? Wanda aka durƙusar. Kwamandan abokan gaba ne, Kaka ya kamo shi da hannunsa, ya sa masa sarƙa, aka kira mai hoto. Tabbas."

"Kwamanda mai igiya biyu?"

"A ƙasarsu haka suke ƙirgawa."

Daga nan ya ja ni shagon mai hoto, ya ce a faɗaɗa masa shi ya kai tsawon ƙofa, a sa masa launi, a kuma fito da aninan da suka goge a kafaɗa.

"Yallaɓai, ba anini a kafaɗar nan," in ji mai hoto.

"Shi ya sa na ce sun goge."

"Nawa zan sa?"

"Sa huɗu. A'a, akwai fili, ƙara ɗaya."

Mai hoto ya matso da hoton a kan kwamfuta, ya nuna wasu baƙaƙen ƙwayoyi a warwatse kusa da takalmin Kaka.

"Waɗannan fa, in share?"

"Ka share tarihi? Harsasai ne."

"Ni dai harsashin da na sani dogo ne."

"Na da mulmulalle ne. Ka sa musu ruwan zinare."

Kwana biyu bayan nan muka ɗauki hoton mai tsawon ƙofa, ni a gaba shi a baya yana ba da umarni, muka nufi ofishin tsofaffin sojoji neman hatimi. Ɗaki ɗaya ne da benci biyu da fanka mai fiffike biyu. Wani tsohon saje ne ke tsaron wurin, gashin bakinsa fari fat, bayansa a miƙe kamar an sa masa katako. Ya dubi babban hoton sau ɗaya.

"Wa ya yi wa bawan Allah wannan aika-aikar? Anini biyar a kafaɗa ɗaya, sai ka ce sararin sama. Ina na asalin?"

Na ciro ƙaramin daga aljihu na miƙa masa. Ya kai shi bakin taga. Na ga gashin bakinsa ya motsa.

"Farar safa, sarƙa, sanda mai kan azurfa. Na san kayan nan. Na bataliyar da na yi aiki a cikinta ne, kafin zamanina. A bataliya duka mutum ɗaya ne ke sa su."

Yaya ya zungure ni da gwiwar hannu har sai da na yi tari. "Ka ji ko? Mutum ɗaya."

"Shi aikin mai wannan kaya," in ji Saje, "kullum da safe—"

"Baba Saje, kar ka wahalar da kanka. Kai a igiya uku ka tsaya, ina za ka san abin da ake yi a can sama? Hatimi kawai za ka buga mana mu wuce."

Saje ya cire tabarau ya ninke a hankali ya sa a aljihu.

"Hatimi ba ya hawa rabin hoto, ɗana. Ka nemo ɗaya ɓarin. Yaushe ne taron naku?"

"Asabar, ƙarfe goma."

"Zan zo da hatimin da kaina. Har kayana zan sa."

Da muka fito na ce wa Yaya ban ji daɗin murmushin tsohon nan ba. Ya ce murmushin ƙaramin ma'aikaci ne da ya ga jinin manya.

Ranar Talata ya kwaso labulen da ya shekara uku bai sayu ba, kore mai nauyi irin na ɗakin taro, ya kai wa tela ya ce a ɗinka masa kaya irin na Kaka sak.

"Wannan yadin bango aka yi wa," in ji tela. "Zufa za ta kashe ka."

"Soja ba ya zufa."

Tela ya ɗinka. Yaya ya sa aka maƙala masa gezar labule a kafaɗu, aka jera zobban labule a ƙirji a madadin lambobin yabo. Da ya fito gwaji, tun daga kwanar layi kake jinsa yana ƙwaram-ƙwaram. Matar mai kemis ta leƙo ta ce ita in an zuge shi gefe za ta ga ko gari ya waye. Ya yi kamar bai ji ba. Ya ƙame a gaban shagona, ya ɗaga hannu zai sara, hammatar ta ce ɓarrr har ƙugu. Ya ce da gangan ake barin wurin a buɗe a kayan manya, saboda iska.

Ranar Laraba ya kawo allo. Ba a jefa ƙuri'a ba, amma an riga an rubuta LAYIN JANAR da jan fenti. Hedimasta ya fito ya ce a dakata.

"Malam, gwaji ne, don mutane su saba."

Ya zaɓi wuri a bakin layi, ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga diga. Mai kemis ya ce kar ya haƙa nan.

"Don me? Filin ubanka ne?"

"Bututun ubana ne."

"Bututu yana can gefen kwata. Tabbas."

Sara na uku, ruwa ya yi tsiri ya wuce rufin kemis. Ya ɗauke hular Yaya, ya wanke jan fentin da bai bushe ba, ya gangara ya shiga shagona har idon sawu. Kwana uku layin nan ba ɗigon ruwa a famfo. Mata na wucewa da bokiti zuwa layin baya, kowacce in ta zo saitin shagon labule sai ta rage tafiya ta ce, "Sannu da yaƙi, Janar." Shi kuma ya amsa da gaske, har yana ɗaga hannu.

Mai kemis ya tare shi a gaban mutane.

"Ka fasa mana ruwa, mun haƙura. Amma wannan kwamandan da kake cewa an durƙusar, wa ya gan shi? Kai ka gan shi?"

"Yana ɗaya ɓarin."

"To a kawo ɗaya ɓarin. In na ga mutum a durƙushe, ni da kaina zan janye sunan ubana."

"Ka janye ka gama."

Ranar Alhamis muka hau mota zuwa ƙarshen gari, gidan Goggo Ƙarama. Rabonmu da ita tun rasuwar mahaifinmu. Ta bar mu a tsaye a tsakar gida ta gama shanya tukuna.

"'Ya'yan gidan almakashi," ta ce. "Wa ya mutu?"

Yaya ya durƙusa ya zayyana mata komai, har da layi da allo da Janar. Tana ji tana matse zane. Da ya zo kan kwamandan da aka sa wa sarƙa, sai ta daina matsewa.

"Ita yayar tawa ce ta gaya maka haka?"

"Ni na gano, Goggo. Da bincike."

"Ita kuma ta ji, ba ta ce komai ba?"

"Ta ce haka ne."

Goggo Ƙarama ta zauna a kan bokitin da ta kife. "Shekara arba'in ina jiran wanda zai zo ya tambaye ni abin da aka ba ni gado. Zan kawo shi. Amma da hannuna, a gaban jama'a, ita kuma tana zaune a layin gaba."

"Goggo," na ce, "ko za mu ɗan leƙa shi yanzu?"

"Ba za ku leƙa ba."

"Ba ma buƙata," in ji Yaya. "Na san abin da ke ciki kamar ni na ɗauka."

A mota na ce masa, "Yaya, mutum uku ke nan suka san abin da ke cikin hoton nan, kuma duk ukun sun yi shiru suna murmushi. Wannan bai dame ka ba?"

"Ka taɓa ganin an yi kuka don an haifi Janar a dangi?"

Asabar ta zo. Aka yi taron a ajin makarantar firamare, manya sun cusa gwiwoyi a ƙarƙashin teburan yara. Layi kaf ya zo, har da na layin baya da suka gaji da ba mu ruwa. An jingina hoton mai tsawon ƙofa a jikin allo, ƙaramin na asali kuma yana kan teburin hedimasta. Mai hoto ya kawo na'urar da ke haska hoto a bango. Goggo Babba na gaba a dama, Goggo Ƙarama na gaba a hagu da jaka a cinya, kujera uku a tsakaninsu ba wanda ya yarda ya zauna. Saje na bakin ƙofa cikin kakinsa, an goge shi har yana ɗaukar ido.

Yaya ya yi jawabin minti arba'in cikin labule. Zufa na bin gezar kafaɗarsa tana ɗiga. Ya faɗi yadda Kaka ya ratsa kogi da sandar nan a baki. Ya faɗi yadda kwamandan abokan gaba, wani ƙato mai gemu, ya yi kwana uku yana turjiya kafin a sa masa sarƙa.

"Gemu kam akwai," in ji Goggo Ƙarama.

"Kun ji shaida," in ji Yaya. "Goggo, bismilla."

Ta buɗe jaka, ta ciro ƙunshin ɗankwali, ta warware, ga ambulan, ta buɗe, ga wani ƙyalle, ta warware. Ta taka da kanta ta ajiye ɓarin a gefen ɗan'uwansa a kan teburin hedimasta. Yankan ya haɗu tsaf. Mai hoto ya kunna na'ura, hoton ya hau bango.

A ƙarshen sarƙar kakanmu, bunsuru ne. Fari, ƙato, gemunsa a taje, an sa wa ƙahonninsa hulunan azurfa. An lulluɓa masa mayafi mai ado, da igiya biyu a gefe da lambar yabo a ƙirji. Ya ɗaga kai yana kallon mai hoto kamar shi ya kira shi.

Ba a jin komai sai zobban ƙirjin Yaya suna kaɗawa. Sai ga ƙarar takalmi daga bakin ƙofa. Saje ya tako har gaban bango, ya buga ƙafa, ya ƙame, ya sara wa bunsurun.

Nan ajin ya fashe. Matar mai kemis ta zame daga kan benci. Tela ya kifa kai a tebur yana dukansa da tafi. Hedimasta na buga rula yana cewa a yi shiru, shi ma hawaye na zubo masa.

"An sauya hoton," in ji Yaya. "Makirci ne."

"Ga sarƙa nan ta haɗu, zobe da zobe," in ji mai hoto. "Ga kuma inda harsasan suka fito."

Saje ya juyo ya jira aka lafa.

"Bunsurun bataliya ne," ya ce. "Tun kafin a haife ni bataliyarmu ke ajiye bunsuru, in ɗaya ya mutu a naɗa wani. Sunansa na cikin rajista, yana da lamba, yana da abincinsa, yana gaba a fareti. Wannan da kuke gani kofur ne. Kakanku shi ne mai kula da shi. Ya yi masa wanka, ya taje gemu, ya goge ƙaho, ya riƙe sarƙa ranar fareti. Farar safar don kar ya ɓata masa gashi ne."

Yaya ya matso gaba. "To ai ka ji. Shi ke ba kofur umarni. Wanda ke ba kofur umarni kuwa—"

"Farabiti ne, ɗana. Bunsurun ne gaba da shi. Kullum da safe sai ya ƙame a gabansa kafin ya shiga da tsintsiya."

"Amma dai daga hannun abokan gaba aka ƙwato shi."

"A kasuwa ake sayowa."

"Ya dai je fagen daga."

"In bunsurun ya je, ya je. Ban taɓa jin an kai bunsuru ba."

Goggo Babba ta yi magana ba tare da ta juyo ba. "Shekara tara yana riƙe da sarƙar nan, dabbar ba ta taɓa kwana da yunwa ba. Ranar da ta mutu ya ajiye aiki. Na so in gaya maka, ka ce harkar soja ba ta mata ba ce."

Goggo Ƙarama kuwa ta zo ne da faɗan shekara arba'in a baki. Ta miƙe, ta nuna yayarta da yatsa, ta ce jama'a su shaida, uba ɗaya ya haife su, aka ɗauki uban aka ba ta akuya. Sai ta tsaya. Ta juya wajen Saje.

"Tsaya, Malam soja. Ka ce wane ne babba a cikinsu?"

"Kofur, Hajiya."

"Wato nawa ɓarin ya fi nata muƙami?"

"Da igiya biyu."

Ta koma ta zauna a hankali, ta gyara mayafi, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Ashe ni aka ba babban. Yayata, sai ki riƙa gaishe ni."

"Ki zo gida ki karɓi gaisuwar," in ji Goggo Babba. "Ki taho da shi, a manne su. Ya isa haka."

Hedimasta ya share ido ya ce a koma kan abin da ya tara mu. Suna biyu ne a gabansa, Layin Mai Famfo da Layin Janar, kuma ga alama na biyun ba shi da mai shi. Saje ya ɗaga hannu.

"Ni ba ɗan layinku ba ne, amma takardar ta ce mutumin kirki da ya rasu. A cikin duk wanda aka ambata yau, ɗaya ne kawai ke da muƙami da lambar yabo da hoto, ni kuma ga hatimi a aljihuna."

"Takarda ta ce mutum," in ji mai kemis.

"Yana cikin rajista," in ji Saje.

Ban san wanda ya fara ɗaga hannu ba, amma na ga na matar mai kemis a sama kafin nawa. Mijin ya harare ta, ta ce ubansa ya jawo ruwa, gaskiya ne, amma ita tun da aka kawo ta layin nan ba ta taɓa dariya irin ta yau ba. Aka ƙirga. Mai Famfo ya sami bakwai. Janar ya sami ɗaya, hannun da hammatarsa ke buɗe. Sauran duk suka tafi ga kofur. Hedimasta ya rubuta Layin Kofur a takarda, Saje ya huhhura hatimi ya buga.

A ofishin tsara gari ba wanda ya tambayi ko wane kofur ne. Suka kafa allo, nesa da bututu. Amma ba mai kiransa haka. Ka tari kowane direba ka ce Layin Bunsuru, ba zai tambaye ka kwatance ba.

Na ɗauka Yaya zai yi wata guda bai fito ba. Litinin da safe ina buɗe shago na jiyo shi ta bango, yana auna wa wata baƙuwa labule. Ta tambaye shi dalilin sunan layin.

"Ni na samo mana shi," ya ce. "Bincike na yi na mako biyu. Kakanmu ne ya riƙe shi. Hajiya, ki je ki tambaya a kowane bariki, a tarihin soja kaf, shi kaɗai ne farabitin da ya shekara tara yana jan kofur da sarƙa a gaban manya, ba a taɓa kulle shi a gadirum ba. Yadi nawa za a yanka?"